Garmin Forerunner 965 a ma'aunin awa 17: sharhi ga mai shirin gasar Ironman

Kamfanin Garmin na ƙasar Amurka ya fitar da agogon Forerunner 965 a watan Maris na 2023 a kan farashin dala 600, kuma ya tallata shi ne musamman ga masu gudun fanfalaki da masu tirayatlon, wato gasar da ake haɗa ninƙaya da tseren keke da gudu a jere ba tare da an tsaya hutawa ba. Wannan sharhi ya taƙaita ne ga doguwar gasar da aka fi sani da Ironman, wadda aka fara a tsibirin Oahu na Hawayi a 1978 da mutum 15, inda ɗan wasa zai yi ninƙayar kilomita 3.8, ya tuƙa keke kilomita 180, sannan ya rufe da gudun kilomita 42.2. A mafi yawan waɗannan gasanni ana ba mutum awa 17 ya kammala, kuma wanda ya wuce wa'adin ko da da minti ɗaya ne ba a lissafa shi cikin waɗanda suka gama.

Gwanaye ba su da damuwa da wannan wa'adi. Patrick Lange na Jamus ya lashe gasar Ironman ta duniya da aka yi a Kona na Hawayi a 2024 cikin awa 7 da minti 35, tsawon lokacin da batirin kusan kowane agogon wasa na zamani zai iya jurewa. Amma yawancin waɗanda suke cika filin gasa ma'aikata ne da 'yan kasuwa da magidanta masu atisaye kafin fita aiki da bayan tashi, waɗanda za su shafe awa 13 ko 15 ko fiye a kan hanya, kuma a ganina da halin irin wannan mutum ya dace a auna agogon.

Batir shi ne abin da ya fi cancantar a tsaya a kai. Bisa alƙaluman da kamfanin ya bayar, agogon yana yin awa 31 idan aka bar shi a kan GPS kaɗai, yana yin awa 22 idan aka bar shi ya riƙa zaɓar tsarin tauraron ɗan Adam da kansa gwargwadon wurin da ake, sannan ya sauko awa 19 idan aka kunna dukkan tsare-tsaren tare da karɓar sigina ta zango biyu, wanda shi ne ya fi daidaito. Wanda ya karanta awa 31 a jikin talla zai ɗauka magana ta ƙare, alhali mai son taswirar hanyarsa ta fita tsaf, wanda ya zaɓi tsari mafi daidaito, tazarar awa 2 kacal ke tsakaninsa da wa'adin gasa. Wannan tazara kuwa ba ta da yawa idan aka tuna cewa ana cire agogon daga caji ne tun da asuba, ana tsayuwa a bakin ruwa yana neman sigina kafin a busa usur, yana haɗe da na'urar auna bugun zuciya da ta auna ƙarfin feda tsawon yini, kuma batir, kowane iri ne, yana raguwa bayan shekara 2 ko 3 ana amfani da shi. Shawarar da ta fi hankali ga wanda yake tsammanin wuce awa 14 ita ce ya bar agogon ya zaɓi tsarin da kansa ko ya tsaya a kan GPS kaɗai, ya kuma rage hasken fuska. Hanyar keke a irin waɗannan gasanni galibi a buɗaɗɗen fili take, babu dogayen gine-gine ko kurmi mai tare sigina, saboda haka abin da ake asara na daidaito kaɗan ne ƙwarai. Sauraron kiɗa yana zaftare batir zuwa abin da bai kai rabin awa 31 ɗin ba, sai dai wannan bai shafi ranar gasa ba, domin dokokin Ironman sun hana sanya abin sauraro a kunne.

Idan aka yi wannan saiti, agogon ya ci jarrabawa, kuma ya ci da sauran numfashi. A zaman yau da kullum ma yana kai kwana 23 a cewar kamfanin, ko da yake mai atisaye awa 10 ko 12 a mako zai riƙa neman caji kusan mako-mako, wanda ba abin ƙorafi ba ne har ga mazaunin inda wutar lantarki ba ta da tabbas.

Abu na biyu shi ne maɓallai. Agogon yana da fuskar da ake shafawa kamar ta waya, amma yana da maɓallai 5 kamar magabatansa, kuma a lokacin wasa su ne abin dogaro. Wanda ya taɓa kallon 'yan wasa suna fitowa daga teku zai gane dalili: mutum ya fito bayan awa ɗaya da rabi yana tangaɗi, yatsunsa sun yi yaushi sun sandare, ruwan gishiri na zuba daga hularsa, yana gudu a kan yashi yana laluben igiyar zip ɗin da ke bayan matsattsiyar rigar robar da ake ninƙaya da ita. A wannan hali babu mai natsuwar shafa gilashi. Abin da kawai ake bukata shi ne ya danna maɓallin ƙasa na ɓangaren dama sau ɗaya, agogon ya rufe lissafin ninƙaya ya fara ƙirga lokacin sauya kaya, ya sake dannawa idan ya hau keke, haka har zuwa gudu. Tsarin yana da sauƙin da ya dace da gajiyayye. Rauninsa kuwa shi ne wannan sauƙin, domin a cunkoson farkon ninƙaya, inda ɗaruruwan mutane ke dukan ruwa kafaɗa da kafaɗa, ƙafar wani tana iya taɓa maɓallin, haka ma hannun rigar roba lokacin da ake zare ta, sai agogon ya tsallaka mataki na gaba tun lokaci bai yi ba. Akwai hanyar kulle maɓallan, kuma ya kamata mai agogon ya koye ta ya saba da ita a atisaye. Nauyinsa gram 53 ne duk da zoben titaniyom da ya kewaye fuskarsa, kuma bai kai dangin Fenix na kamfanin kauri ba, abin da ke sa rigar roba ta wuce ta kansa ba tare da kokawa mai yawa ba.

A cikin ruwa akwai iyakokin da ba laifin wannan agogo ba ne shi kaɗai. Siginar tauraron ɗan Adam ba ta ratsa ruwa, don haka agogon yana samun ta ne kawai a ɗan lokacin da hannu ya fito sama, ya cike sauran da ƙiyasi. Mai ninƙayar da ke jefa hannu sama zai samu nisa mai kusanci da gaskiya, amma mai irin ninƙayar da hannaye ke zama a ƙarƙashin ruwa zai ga taswira mai karkace-karkace. Haka nan auna bugun zuciya daga tsintsiyar hannu yana raunana idan ruwa na shiga tsakanin fata da agogo. Maganin da kamfanin ya tanada shi ne maɗaurin ƙirji irin HRM-Pro Plus, wanda ke adana bugun zuciya a cikinsa yayin ninƙaya ya tura wa agogo bayan an fito, sai dai wannan ƙarin kuɗi ne a kan dala 600 ɗin.

A kan keke agogon yana karɓar bayani daga na'urar auna ƙarfin feda ba tare da wata wahala ba, kuma ana iya sa shi ya riƙa girgiza hannu duk bayan wani lokaci don tunatar da mutum ya ci ko ya sha. Wannan ƙaramin abu ya fi yawancin manyan fasahohin agogon amfani, domin wanda ya yi sakaci da abinci a kilomita 180 na keke a gudun ƙarshe zai biya bashin. Duk da haka, kallon tsintsiyar hannu alhali gwiwar hannu na kwance a kan sandunan tsere ba shi da daɗi, kuma a hanya mai iska irin ta Gqeberha a Afirka ta Kudu, inda ake gudanar da gasar zakarun Ironman ta nahiyar, sakin hannu don duba agogo yana da haɗari. Mafi yawan masu wannan gasa sukan ɗaura wata na'ura dabam a gaban keke, kuma Forerunner 965 bai kawar da wannan bukata ba.

Fuskarsa irin ta AMOLED ce, wato mai haske da launuka kamar ta wayar zamani, mai faɗin inci 1.4, kuma ita ce babban bambancinsa da Forerunner 955 da ya gabace shi. A gudun dare, lokacin da mai awa 15 yake jan ƙafa a kilomita na 30, lambobin suna fitowa fes ba tare da an nemi maɓallin haske ba, taswirar hanya kuma tana karantuwa sosai. Farashin wannan kyau shi ne batir, domin 955 mai tsohuwar fuska yana yin awa 42 a kan GPS kaɗai. Gilashin ba na safaya ba ne, wato irin gilashin nan mai tauri da ke wuyar karcewa, don haka yana iya karcewa, kuma babu tocila a jikinsa.

Inda nake ganin ya kamata mai saye ya yi taka-tsantsan shi ne tarin makin da agogon ke bayarwa a watannin atisaye. Kowace safiya yana fitar da makin da ke nuna yadda jiki ya shirya wa atisaye, wanda yake haɗawa daga barcin da aka yi, da nauyin atisayen kwanakin baya, da lokacin murmurewa, da sauye-sauyen tazarar bugun zuciya cikin dare, wanda shi kansa sai an kwana da agogon kusan mako 3 kafin ya san ma'aunin mai shi. Bayanin yana da amfani wajen gano rashin lafiya ko gajiyar da ta wuce kima. Matsalar ita ce shirin Ironman an gina shi ne a kan tara gajiya da gangan: a hau keke awa 5 ranar Asabar, a sauko a yi gudu nan take da ƙafafun da suka yi nauyi, a wayi gari Lahadi a yi dogon gudu. A irin waɗannan makonni makin zai riƙa yin ƙasa yana nuna a huta, kuma wanda ya mayar da agogo kocinsa ba zai taɓa yin atisayen da gasar ke bukata ba. Wanda tsarin barcinsa da cin abincinsa ya sauya, kamar a watan azumi, shi ma zai ga makin ya rikice. Agogon mashawarci ne mai yawan tsoro, a saurare shi, amma kada a miƙa masa ragama.

Akwai wata fasaha da ta dace da mai atisaye a ƙasa mai zafi. Idan zafin gari ya haura digiri 22, agogon yana la'akari da hakan wajen ƙiyasta ƙarfin numfashin mutum, kuma yana nuna yadda jiki ke sabawa da zafin, muddin yana haɗe da waya don samun bayanin yanayi. Ga mai gudu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin bazara ke haura digiri 40, wannan yana rage yawan hukuncin da agogo kan yanke na cewa ƙarfin mutum ya ragu alhali rana ce ta ɗaga bugun zuciyarsa. Manhajar Garmin Connect da ake duba duk waɗannan bayanai a cikinta ba ta da Hausa, kuma saitunanta suna da yawa har sabon shiga ya ruɗe a makon farko.

Ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu ya danganta da gasar da mutum ya nufa. Wanda zai tsaya a rabin tazara, wato Ironman 70.3 irin wadda aka fara a Rubavu ta Ruwanda a bakin tafkin Kivu a 2022, mai ninƙayar kilomita 1.9 da keken kilomita 90 da gudun kilomita 21.1, ba ya bukatar kashe wannan kuɗi, domin Forerunner 265 ko Coros Pace 3 suna da tsarin tirayatlon kuma batirinsu ya wadatar, sai dai ba su da cikakkiyar taswira. A 2025 kamfanin ya fitar da Forerunner 970 a kan dala 750, da tocila da gilashin safaya da sabuwar na'urar auna bugun zuciya, amma batirinsa a kan GPS kaɗai awa 26 ne, ƙasa da na 965. Ga mai shirin cikakkiyar tazara wanda yake lissafin isowa bayan faɗuwar rana, tsohon ya fi sabon dacewa da bukatarsa, musamman idan ya same shi a kan rangwame, kuma abin da ya rage daga kuɗin gara ya tafi wajen maɗaurin ƙirji da kuɗin rajistar gasar, wanda shi kansa ɗaruruwan daloli ne.