Lauyan ko-ta-kwana a kotun laifuka: ya isa a dogara da shi kafin a amsa tuhuma?

A ƙasashe da dama, kamar Ingila da Kanada, kotunan laifuka suna da lauyan kyauta, wato lauyan ko-ta-kwana, da ke jiran wanda aka gurfanar ba shi da lauya. Yakan gana da mutum na ɗan lokaci kafin a kira ƙara, ya duba takardar tuhuma, ya ba shi shawarar abin da zai faɗa idan alƙali ya tambaye shi ko ya amsa laifi ko bai amsa ba. A ganinmu wannan hidima tana da amfani sosai, amma amfaninta mafi girma guda ɗaya ne: hana mutum furta "na amsa" da gaggawa. Abin da ya wuce haka, ƙarancin lokaci yakan gurgunta ta.

Inda ta fi ƙarfi shi ne fayyace bambancin amsa laifi da musantawa. Mutane da yawa suna ɗauka cewa "ban amsa ba" rantsuwa ce cewa ba su taɓa kome ba. Ba haka ba ne. Ma'anarta ita ce mai gabatar da ƙara ya kawo hujjar da ba ta bar wani kokwanto mai ma'ana ba. Ko wanda ya san ya aikata yana da 'yancin faɗar haka, kuma lauya zai iya tsaya masa ya ƙalubalanci shaidu, sai dai ba zai shirya wa kotu ƙarya ba. Wanda ya yi shiru ma, a yawancin kotuna rubuta masa ake yi cewa bai amsa ba. Amsa laifi kuwa tana zubar da abubuwa uku a lokaci guda: damar a saurari shari'a, damar yi wa shaidu tambayoyi, da damar yin shiru kada mutum ya ba da shaida a kan kansa. Ƙwararren lauya yakan bayyana wannan cikin minti biyar, har da gargaɗin da ya fi kome: wanda ya musanta yau zai iya amsawa gobe, amma wanda ya amsa, janyewa sai da wahala. A kotunan tarayyar Amurka, da zarar alƙali ya karɓi amsar, sai an kawo dalili mai ƙarfi kafin a janye, bayan yanke hukunci kuwa sai dai ɗaukaka ƙara ko wata hanyar ƙalubalantar hukuncin.

Hidimar tana kuma kama wani kuskure da ake yawan yi, wato amsa mai harshen damo. Mutum ya ce "na ɗauka, amma na zaci nawa ne", ko "na buge shi, amma shi ya fara kawo mini hari". Wannan ba amsa laifi ba ce, kariya ce aka naɗe cikin amsa, domin sata tana buƙatar niyya, kare kai kuma uzuri ne a doka. Alƙali mai lura zai rubuta cewa bai amsa ba, amma a ranar da ƙararraki suka yi cunkoso ba kowane "amma" ake ji ba.

Rauni yana farawa daga batun sassauci. A Ingila, wanda ya amsa a matakin farko ana iya rage masa har kashi ɗaya cikin uku na hukunci. Bayan nan ragin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, ya ci gaba da zaizayewa zuwa kashi ɗaya cikin goma a ranar fara sauraron shaidu. Ga lissafin: hukuncin wata 36 ya zama 24, ko 27, ko kusan 32 da rabi. Matsalar ita ce ragi mafi tsoka yana zuwa ne daidai lokacin da lauyan bai ga kome ba sai taƙaitaccen bayanin 'yan sanda. Bai kalli bidiyo ba, bai karanta cikakken bayanin shaidu ba, ga wasu mutane na jiransa a layi. Shawarar da aka gina a kan haka rabin shawara ce, kuma ba laifin lauyan ba ne, laifin tsarin ne.

Abu na biyu da ke sulluɓewa shi ne abin da ke biyo bayan hukunci: rasa aiki ko lasisi, hana biza, korar baƙo daga ƙasa. A 2010 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Padilla, ta ce wajibi ne lauya ya sanar da wanda ba ɗan ƙasa ba cewa amsa laifi na iya jawo masa kora. Tarar da ta yi kama da ƙaramin abu tana iya zuwa da wannan wutsiyar, kuma in ba a tambaya ba, ganawar minti goma ba lallai ta kai nan ba.

Bayan amsa laifi da musantawa akwai wasu irin amsoshi, amma ba a cika samun lokacin tattauna su ba. Akwai nolo contendere a Amurka, wato "ba na jayayya": hukunci iri ɗaya ne da na wanda ya amsa, sai dai galibi ba a kafa hujja da ita a ƙarar neman diyya, kuma sai alƙali ya yarda. Akwai amsar Alford, daga hukuncin 1970, inda mutum ke cewa bai aikata ba amma ya karɓi hukunci don ya ga hujjar ta fi ƙarfinsa. Henry Alford kansa, wanda ake kiran amsar da sunansa, ɗaurin shekara 30 ya karɓa don ya tsira daga hukuncin kisa. Ingila ba ta karɓar irin wannan. Akwai musantawa bisa taɓin hankali, wadda ke buƙatar rahoton likitoci, kuma sau da yawa ƙarshenta tsarewa ce a asibiti, ba tafiya gida ba. Sai kuma cewa an riga an wanke mutum ko an hukunta shi a kan wannan laifin, wanda takardar hukuncin farko ce ke tabbatar da shi. Duk waɗannan aikin lauyan da zai riƙe shari'ar ne, ga shi a Ingila lauyan ko-ta-kwana ba ya bin mutum har zaman sauraron shaidu.

Wanda zai yi amfani da hidimar ya shiga da takardar tuhuma da ta beli a hannu, ya faɗi tsofaffin hukuncinsa da matsayin zamansa a ƙasar tun kafin a tambaye shi, ya nemi tafinta idan harshen kotu ba nasa ba ne. Ya tambayi abin da dole mai ƙara ya tabbatar, da hukunci mafi tsanani, da ko za a iya neman ɗage zama ba tare da rasa ragin ba. Idan kuma an yi ciniki da mai gabatar da ƙara, wato a amsa laifi don a samu sassauci, a rubuta shi, a kuma tambaya ko alƙali yana da ikon ƙin bin hukuncin da aka daidaita a kai, don a wurare da yawa yana da shi.