Littafi, fim ko na saurare: wanne za ka saya in Beauxbatons ce ta ja hankalinka?

Ƙanwata ce ta tara ɗan kuɗinta ta zo tana tambayata wanne ya kamata ta saya, wai ita makarantar sihirin nan ta Faransa ta cikin labaran Harry Potter, Beauxbatons, ita take so ta sani ciki da waje. Na ce mata ki sayi littafi na huɗu, Harry Potter and the Goblet of Fire, wanda ya fito a 2000, don a nan ne makarantar take da gaske.

Fim ɗin 2005 yana da kyau a ido kam, shuɗin kayan nan na siliki da hulunansu, amma wallahi ya rage mata daraja sosai, ya mai da ita kamar makarantar 'yan mata zalla alhali a littafi maza da mata ne suka sauko daga keken dokin nan mai girman gida, wanda dawakai masu fiffike guda 12 ke ja, suna ta rawar ɗari saboda kayansu ba na sanyin Birtaniya ba ne. Abin da ya fi taɓa ni ma fim bai tsaya a kansa ba: in shugabarsu Madame Maxime ta shigo sai ɗalibanta su miƙe tsaye, ba mai zama sai ta zauna, 'yan Hogwarts, makarantar su Harry da suka kai wa ziyara, har da dariya amma su ko a jikinsu. A littafin ne kuma za ka ji Fleur Delacour, ɗalibar Beauxbatons, tana fariyar cewa su lokacin Kirsimeti ana jera musu sassaƙen ƙanƙara a ɗakin cin abinci suna ƙyalli ba sa narkewa.

To a cikin littattafan ma akwai zaɓi. Mai bango mai laushi ya fi araha, ya fi shiga jaka, sai dai kauri gare shi, ya haura shafi 600. Mai zane-zanen Jim Kay na 2019 abin sha'awa ne amma tsada da nauyi, na ajiya ne ko na kyauta, ba wanda za ka riƙe a kwance ba. 'Yan uwa na Nijar da suka yi boko da Faransanci ku nemi fassarar Jean-François Ménard ta kamfanin Gallimard, can Hogwarts ma sunanta Poudlard.

Na saurare kuma, muryar Stephen Fry ko Jim Dale, ya kai awa 20, yana da daɗi ga mai doguwar tafiya amma in turancinka bai zauna ba yadda suke kwaikwayon lafazin Faransawa zai wahalar da kai. Ita dai ƙanwata mai laushin bangon ta saya, na hannu, kuma na ce ta duba shafukan tsakiya kafin ta biya don na bogi sukan zo da rubutu a dushe.