Garajin tsohon da bai san wata mota ba sai Toyota

Wata huɗu ke nan da na hiddo motata daga wani garaji da ke bakin hanyar Agadas in ka hita Tawa kaɗan, kuma da gangan na ƙi cewa komi sai da na bari ta sha hanya tukuna, don ba a yabon makanike ranar da ya miƙa maka makulli. Yanzu na yi Abalak sau biyar, Cintabaradan sau ukku, sau guda har Tasara da kaya maƙil, to ina ga na samu bakin magana.

Motar Land Cruiser ce pikap, 79 ɗin nan mai injin 1HZ, gazwal, silinda 6, lita 4.2. Hannun wani proje na saye ta da sunka gama aikinsu, jikinta ya sha rana amma injin lahiya lau. Ni kuwa sana'ata kai kaya kasuwannin Azawak, hatsi da sukari da shayi da tabarmi, in dawo da abin da ya samu, kuma duk wanda ya san hanyar nan ya san daga ka bar kwalta sai rairayi da tol ondile, wato hanyar nan mai tudu-tudu kamar kwanon ruhi, da ke kwance maka kowane noti a jikin mota har da na bakinka.

Gaskiya da na tahi wurin tsohon mai garajin da buri na tahi. Na cika wayata da hotunan motocin Dubai da na Ostareliya da nike gani a TikTok, an ɗaga su sama kamar raƙumi, taya mai faɗi, ƙarhen gaba baƙi wuluk da winci, fitilu jere bisa kai. Na miƙa mashi wayar na ce baba irin wagga nike so. Ya karɓa ya nisanta ta da ido don ba ya gani kusa, ya daɗe shina kallo, sannan ya maido mani ya ce ɗana, wannan igiyar ta gaba, in ka kahe tsakanin Cinta da Tasara, jikin wane icce za ka ɗaure ta? Yaran garaji sunka hashe da dariya. Ni dai na yi shiru don ban da amsa.

Haka ya bi jerin nawa ɗaya bayan ɗaya shina yankewa. Taya mai faɗi ya ce a'a, ka tsaya ga 7.50 R16 ɗinka mai tib, don ita ce kowane mai faci na ƙauye ya sani kuma ita za ka samu ko da tsohuwa ce a kasuwar daji, mai faɗin nan sha gazwal gare ta ga cin rulma. Ɗaga mota sosai ya ce wannan na wanda ba ya ɗaukar kaya ne, kai da za ka ɗora buhu talatin ka hau gefen tudun rairayi, kana ƙara mata tsawo kana kiran kihewa. Fitilu ya bar mani biyu kawai. Abin ya ɗan ɓata mani rai lokacin, kuɗina ne fa, amma mutumin da ya ƙi karɓar kuɗin da ka kawo mashi da hannunka ai sai ka saurara.

Abin da ya yi shi ne wanga. Baya ya ƙara lam, wato hwallayen ƙarhen sifirin, biyu biyu kowane gefe, don 79 gabanta ne ke da sifirin mai naɗi, bayanta lam ne, kuma nan nauyi ke sauka. Ya sa amortiser huɗu sabbi. Ya sa hanci, wannan bututun da ke hawa gefen gilashi, wanda ni da ina zaton don ratsa ruwa kawai anka yi shi, ashe babban amfaninshi wurinmu ƙura ce, iskar da ke sama ta hi wadda ke kusa da taya tsabta, kuma na gani da idona don filtir ɗin iska da nike kakkaɓewa kowace tahiya yanzu sai na yi biyu ko ukku. Ya ƙara wani filtir mai raba ruwa da gazwal kahin man ya kai ga pompi, wannan kam ko shi kaɗai ya biya, wanda ya taɓa sayen gazwal na bido a kasuwar ƙauye ya san abin da nike nuhi. Sai rezerbuwar na biyu, da farantin ƙarhe ƙarƙashin inji, da mazaunin taya biyu na sukur bayan kabin, da wurin ɗaure plak, wato hwarantan da ake sa ma taya in ta kahe cikin rairayi, da shebur. Duka da kuɗin hannu abin ya tasam ma miliyan guda da jikka ɗari biyu, kuma rabin kuɗin amortiser da lam sunka cinye, ya ce tun da anka ruhe iyakar Benin a 2023 kayan mota sunka hau ba su sauko ba, wasu sai an zagayo da su ta Lome, wasu ta Ƙwanni daga Sakkwato da Kano.

Wani abu da ya koya mani kyauta, kahin ka shiga rairayi ka sauka ka juya kirabo na tayun gaba don su ma su ja, ka rage iska ta dawo wajen kilo ɗaya da rabi, in ka hito kan tsauri ka maida. Na san da haka tun da, ƙyuya ce ke hana ni, sai da ya sa na sayi ɗan kwampreso na ajiye ƙarƙashin kujera.

To yanzu inda ya ɓata. Ya ce kwana goma, sai da motar ta yi kwana ashirin da huɗu, kasuwa ukku ta wuce ni, kullum in na zo sai a ce gobe in sha Allah kaya na bisa hanya. Faktir babu, lissahin duk cikin kan tsoho yake da wani ɗan littahi da mai ya jiƙa. Sannan tahiyar hwarko, mun wuce Abalak da kamar kilomita talatin na hwara jin ƙwas ƙwas daga baya, na tsaya na leƙa, ashe notin da ke riƙe lam da pon, wato ƙarhen da ke haɗa tayun baya, ba a ƙara ɗaure su ba, guda har ya kusa hita. Da ni da yaron mota munka kwanta cikin rana muna ɗaurewa da kile 24 da ba ta ma zauna daidai ba. Da na dawo na hwaɗa mashi bai yi gardama ba, ya kira yaron da ya yi aikin ya wanke shi tas gabana har na ji tausai, ya sa anka bi motar noti noti bai karɓi ko dala ba. Amma da pon ya goce da kaya bisa ai ba wannan zance ake ba. Tiyon rezerbuwar na biyu ma ya yi ɗan yoyo sati na biyu, warin gazwal ya cika kabin, shi ma an gyara.

Sai maganar da ta sa na ce bai san wata mota ba. Ranar da zan ɗauki motar na zo da mijin ƙanwata, shi kuwa Nissan Patrol gare shi, Y61, kuma ba ya son a taɓa ta ko da wasa. Ya ce baba ni ma a duba mani tawa a yi mata irin wanga aiki. Tsoho ko tashi daga tabarma bai yi ba, ya ce Alhaji kai ta inda anka san ta. Nan fa zance ya tashi, shayi na hwarko har na ukku ba a gama ba. Surukina ya ce injin TD42 na Patrol shi ma 4.2 ne silinda 6, kuma da haƙoran ƙarhe yake juyawa, ba shi da kurwa, wato bel ɗin cikin inji da ku kuke canzawa duk kilomita dubu ɗari kuna addu'a kar ta tsinke, ga pon mai ƙarhi, ga laushi a hanya don ƙahwa huɗun duka sifirin ne, ga ta da sauƙin kuɗi in za ka saya. Wallahi duk gaskiya ya hwaɗa. Tsoho ya ce na ji, in pompin ruwanta ya mutu a Tasara ranar kasuwa wa za ka tambaya? Ya ce na Toyota ko mai shayi ka tambaya sai ya nuna maka wanda ya aje guda ƙarƙashin gado. Wani yaro ya sa baki ya ce ai Pajero sau 12 ta ci Dakar, tsoho ya ce ya ga Dakar da idonshi lokacin da take ratsa Agadas, jirgin sama ke bin su da kaya da makanikai, kai wane jirgi ke bin ka? Daga nan ya koma kan yaƙin Cadi da Libiya na 1987 wanda har Turawa sunka sa ma suna yaƙin Toyota, kamar shi ya tuƙa motocin.

Abin dariya ko Toyotar ma ba duka ya yarda da ita ba. V8 da sabbin Hilux masu kwamfuta motocin biki yake ce masu, wai motar da sai an jona mata na'ura ta hwaɗi ciwonta ba ta daji ba ce, a kai ta CFAO, dillalan Toyota na Yamai. Shi daga Land Cruiser 75 sai 79 sai 80, nan duniyarshi ta tsaya. Ni a ganina ya wuce wuri, don ƙin duba motar mutum gaba ɗaya ba daidai ba ne, lam lam ne amortiser amortiser ne ko na wace mota, kuma surukina ya hita ranshi ɓace. Amma ni kaina da na zo sayen mota Patrol ta hi burge ni, tsoron kwana daji ina jiran abin da za a aiko daga Yamai ya sa na sayi wagga.

Mai 75 ko 79 ko 80 da ke aikin daji, ka kai mashi, ka ƙara sati biyu bisa ranar da ya hwaɗa maka, ka rubuta lissahinka da kanka, kuma kahin ka hita gari ka sa a bi notin ƙasa gabanka, bayan tahiyar hwarko ka sake dawowa a ƙara ɗaurewa. Mai Patrol ko Pajero ko L200 kar ka wahal da kanka. Surukina Ƙwanni ya kai tashi, kuma tun ranar duk inda munka haɗu sai ya tambaye ni ko kurwa ta tsinke. Saura kilomita dubu shida lokacin canza ta ya cika, ƙarshen wata zan maida motar wurin tsohon.