Wane Irin Jaki Ya Dace da Jitarka? Abin Dubawa Kafin Sayen Jita Mai Lantarki

Yawancin masu zuwa sayen jita mai lantarki idonsu yakan tsaya ne a kan launi da siffa da sunan kamfani, alhali ƙarfen nan da tsirkiyoyi shida suke hawa a kansa a gindin jitar shi ne zai nuna irin sauƙi ko wahalar da mutum zai sha duk ranar da ya zo sauya tsirkiya. Makaɗan zamani suna ce masa birij, amma masu goge da garaya sun daɗe da sunan abin da yake yin wannan aiki, wato jaki, kuma da shi zan yi amfani. Ƙananan ƙarafan da kowace tsirkiya take zaune a kai kuwa, su ne sirdi.

Mafi sauƙin sha'ani shi ne kafaffen jaki, irin na Telecaster wadda kamfanin Fender na Amurka ya fitar a farkon shekarun 1950. Ana zuro tsirkiya ta bayan jita, ta hau sirdi, ta wuce zuwa kunne, a ɗaure, shi ke nan. Idan ɗaya ta tsinke, sauran biyar suna nan kusan yadda aka saita su. Abin lura kawai shi ne tsohon samfurin yana da sirdi uku, kowanne ɗauke da tsirkiya biyu, saboda haka gyaran ɗaya yana taɓa 'yar'uwarta. Mai sirdi shida ya fi daɗin saiti.

Na biyu shi ne Tune-o-matic, wanda Ted McCarty ya ƙirƙira wa kamfanin Gibson, aka kuma ɗora shi a kan jitarsu mai suna Les Paul Custom a 1954. Shi ma ba ya motsi. Ana ɗaga shi ko a sauke shi gaba ɗaya ta hanyar murza ƙafafunsa biyu, tsirkiyoyin kuma suna ƙarewa ne a wani ƙarfe daban da ke bayansa. A kan da yawa daga cikinsu, ƙarfin tsirkiya ne kaɗai yake riƙe da waɗannan ƙarafa, don haka wanda ya kwance duka shida a lokaci guda zai iya ganin sun zame sun ƙwarzane fenti, tsayin da aka saita kuma ya ɓace.

Daga nan sai masu motsi, waɗanda ake danna 'yar sandarsu domin a lanƙwasa sauti. Na Stratocaster, wata jitar Fender da ta fito a 1954, yana tsaye ne tsakanin ja biyu: tsirkiyoyi suna jansa ta gaba, sifirin da ke cikin ramin bayan jita, galibi guda uku, suna jansa ta baya. Fender yana ba da shawarar a bar gindinsa ya ɗaga kamar milimita 3 daga jikin katako, amma babbar fa'idarsa a wurina ita ce ana iya ƙara ɗaure notin nan biyu da ke riƙe da sifirin har jakin ya kwanta daram a kan katako, ya koma kusan kafaffe. Jita mai siffar Stratocaster ce aka fi gani a hannun makaɗan jita na Agadas, kuma ita makaɗin Nijar Mdou Moctar yake kaɗawa da hannun hagu. Wanda bai tsayar da shawara kan irin kiɗan da zai bi ba, wannan ne yake ba shi zaɓi biyu a kuɗi ɗaya.

Inda nake so mai saye ya tsaya ya yi dogon nazari shi ne jaki mai motsi na Floyd Rose, wanda ya samu rajistar ƙirƙira a 1979, ya kuma yi suna a hannun makaɗa irin su Eddie Van Halen na Amurka. Yana kulle tsirkiya a wuri biyu, a kan sirdi da kuma a saman wuya, shi ya sa ko an danna sandar har tsirkiyoyi sun yi sako-sako, sauti yana komawa mazauninsa. Wannan gaskiya ce, kuma babu jakin da ya kai shi a nan. Sai dai kafin a ɗaura sabuwar tsirkiya dole a yanke ɗan ƙwallon da ke bakinta, a kwance sirdi da alanki mai milimita 3, a cusa, a ɗaure; kuma da yake jakin yana lilo ne a kan ƙafa biyu, duk tsirkiyar da aka ja tana sassauta sauran, sai an yi ta zagayowa sau da yawa kafin su daidaita. Hanyar da ta fi ita ce a riƙa sauyawa ɗaya bayan ɗaya, ko a cusa ɗan guntun katako a ramin baya ya tokare jakin har a gama.

Na taɓa zama kusa da wani matashin makaɗi mai irin wannan jaki a wurin biki lokacin da siririyar tsirkiyarsa ta tsinke ana tsakiyar waƙa. Nan take sifirin suka rinjayi sauran biyar, jakin ya nutse baya, sautin jitar gaba ɗaya ya haura sama da na sauran kayan kiɗa. Ya laluba aljihun jakarsa, babu alanki, haka ya zauna da jitar a cinya har aka tashi. Abin ya tsaya mini a rai, domin yaron ya iya hannunsa, kuma kuɗin da ya tara ya kashe su ne a kan abin da kiɗansa bai taɓa buƙata ba. Ƙari a kan haka, akasarin Floyd Rose masu araha kwaikwayo ne da aka yi da ƙarfe mai taushi, bakin da yake lilo a kansa yakan cinye, daga nan kuwa babu saitin da zai zauna. Bigsby kuma, wani jakin mai motsi, yana da kyan gani da taushin sauti, amma ɗaura masa tsirkiya yana buƙatar haƙuri, don bakinta yakan suɓuce daga ɗan tsinken da ake maƙala ta.

Kaurin tsirkiya yana tafiya ne tare da zaɓin jaki. Fakitin da aka rubuta wa 9 zuwa 42, wato kaurin siririyar tsirkiya zuwa na mafi kauri, ya fi taushi a yatsa, na 10 zuwa 46 ya fi cika kunne da ƙarfin ja. A kan kafaffen jaki, sauya kauri ɗan gyara kaɗan yake nema. A kan mai lilo kuwa sai an sake daidaita sifirin. Tsawon tsirkiya ma yana da tasiri, domin na Fender inci 25.5 ne, na Gibson 24.75, don haka kauri ɗaya ya fi tauri a kan Fender. Mai yawan gumin hannu ya duba masu rufin kariya irin na kamfanin Elixir, sun fi tsada amma sun fi jure tsatsa.

Da yake yawancin jitocin da ke kasuwanninmu na hannu ne, kada a biya kuɗi sai an gwada. A saita tsirkiya da na'urar saiti, sannan a danna ta a firet na 12, wato na goma sha biyu a cikin siraran ƙarafan da ke jere a kan wuyan jita. Idan sautin ya haura, sirdi yana buƙatar ja da baya. Idan ya yi ƙasa, a matso da shi wajen wuya. Idan aka tarar sirdin ya riga ya kai ƙarshen hanyarsa kuma sautin bai daidaita ba, ko notinsa ya ci tsatsa ya ƙi juyawa, wannan aibi ne da ya isa a rage farashi ko a haƙura. Tazarar tsirkiya da firet na 12 ta kasance tsakanin milimita 1.5 zuwa 2, tare da tuna cewa bushewar hunturu da laimar damina suna motsa katakon wuya, saboda haka za a sake duba wannan awo sau biyu a shekara. Mai niyyar sayen sabon jaki daban kuma ya auna tazarar ramukan tsohon tukuna, domin na Amurka da awon inci ake yin su, na Asiya da milimita, kuma sau da yawa ba sa shiga mazaunin juna.

Shawarata ga ɗan koyo, da mai kiɗa a coci ko a wuraren biki, da duk wanda yake nesa da mai gyara, ita ce kafaffen jaki, ko na Stratocaster da aka kwantar. Floyd Rose na wanda salon kiɗansa ya dogara da sandar ne, kuma shi ma ya nemi mai ƙarfe na ƙwarai, ya sa kuɗin alanki da filaya da fakitin tsirkiya biyu a cikin lissafinsa tun kafin ya bar shagon.