Sharhi kan MechWarrior Online: tudu da 'yan ɓangarenka sun fi bindigarka amfani

MechWarrior Online wasan kwamfuta ne na kamfanin Piranha Games na ƙasar Kanada. Ya fito a 2013, kuma kyauta ake sauke shi, har ta Steam. Mutum 12 ne ke karawa da mutum 12, kowa na tuƙa ƙaton mutum-mutumin yaƙi mai ƙafa biyu, wanda 'yan wasan ke kira mek, mai nauyin tan 20 zuwa tan 100. A zagayen yau da kullum rai ɗaya gare ka, zagayen kuma ba ya wuce minti 15. A ganina wasan ya cancanci lokacin mai haƙuri, amma wanda ya saba da wasannin harbi na ruga-ka-mutu-ka-dawo zai sha wuya kafin ya gane kansa. Nan saurin yatsa ba ya ceton kowa. Abin da ke raba gardama shi ne inda ka tsaya da kuma mutum nawa ke harbin abu ɗaya tare da kai.

Sai an fahimci yadda aka gina jikin mek kafin a gane amfanin fakewa. Ba ma'aunin lafiya guda ɗaya gare shi ba. An raba shi kashi takwas: kai, tsakiyar ƙirji, ƙirjin dama da na hagu, hannuwa biyu, ƙafafu biyu, kowanne da nasa sulken, sassan ƙirjin uku kuma suna da sulken baya dabam. Atlas, mai tan 100, yana iya ɗaukar sulke maki 124 a tsakiyar ƙirji, gaba da baya a haɗe, ban da ƙarin da wasan ke ba wasu samfura. Ka ji kamar da yawa. To abokan gaba huɗu, kowanne ya sake maka harbi ɗaya na maki 40 a wuri guda, ya kama 160. Leƙe ɗaya a wurin da bai dace ba ya isa ya tuɓe wa mek mafi girma sulkensa. Shi ya sa duk wanda ya fito fili shi kaɗai, komai girmansa, gawa ce da ba ta faɗi ba tukuna.

Fakewa iri biyu ce, kuma wurin da aka dasa makamanka ne ke zaɓa maka wadda za ka yi. JagerMech bindigoginsa na sama, daidai kafaɗa, saboda haka bayan tudu ya fi masa: ya ɗan hau har bakin bindiga ya haye, ya harba, ya ja da baya, abin da aka gani nasa bai taka kara ya karya ba. Atlas kuwa hannuwansa na ƙasa, kusa da ƙugu. Idan ya ce zai yi leƙen tudu, matuƙin yana ganin abokin gaba sarai daga ɗakin tuƙi, amma harsashin a ƙasa zai ƙare, alhali rabin jikinsa na waje ana ta jibgarsa. Irin wannan kusurwar gini ko gefen dutse ya dace da shi, kuma ta ɓangaren da manyan makamansa suke. Hunchback 4G babbar bindigarsa AC/20 a kafaɗar dama take, don haka ta dama zai leƙa. In ya leƙa ta hagu sai ya fito da duk jikinsa kafin bindigar ta samu hanya. Sababbi da yawa ba sa lura da wannan, sai su yi ta mamakin yadda suke harbi ba ya isa.

Leƙen kansa yana da ƙa'ida. Ka san wanda za ka harba tun kafin ka fito. Ka fara ja da baya da maɓallin S tun harbin bai gama fita ba, domin mek mai nauyi ba ya tsayawa nan take, kuma tafiyarsa da baya ta fi ta gaba nawa. Kada ka leƙa sau uku a wuri ɗaya; a karo na biyu ma an riga an saita maka Gauss, babbar bindigar harbin nesa, ana jira. Lokacin da kake bayan mafakar ba ɓata shi kake ba, injinka ne ke hucewa. Kusan kowane harbi na ƙara zafi, in ya cika mek ɗin ya kashe injinsa na ɗan lokaci, ka tsaya cak a gaban mutane. A taswirori masu zafi irin Terra Therma da Caustic Valley wannan ya fi saurin faruwa, a Frozen City kuwa akwai sauƙi.

Inda wasan ya fi burge ni shi ne jikinka ma mafaka ne. Ƙafafu dabam suke juyawa da A da D, ƙirji dabam da linzamin kwamfuta. Leza ba ta zuba illarta gaba ɗaya, tana ɗaukar kusan daƙiƙa ɗaya tana ƙuna, saboda haka in ka murɗa ƙirji yayin da ake harbinka, illar sai ta watsu a hannu da gefe maimakon ta taru a tsakiya. Centurion shi ne malamin wannan darasi: bindiga a hannun dama, hannun hagu kusan ba komai sai sulke. Kamar ɗan dambe yake, hannu ɗaya naɗe don duka, ɗayan garkuwa. Ka harba, ka juya masa hagu, bindiga ta cika, ka dawo. Sai dai a duba injin da aka saka. Kayan wasan gida biyu ne, na Inner Sphere da na Clan. Injin samfurin XL na Inner Sphere ya fi sauƙin nauyi, amma da zarar an fasa gefen ƙirji ɗaya mek ya mutu. Na XL ɗin Clan da injin Light suna jure rasa gefe ɗaya, Standard kuwa har biyu. Wanda ya saka XL na Inner Sphere yana kare kansa da gefe, da hannunsa yake miƙa wuya.

Makamai masu linzami na nesa, LRM, suna sauya lissafi. Suna kaiwa kusan mita 900, suna tashi sama su faɗo, don haka ƙaramin tudu ba ya tare su. Dogon gini ake nema, ko ƙarƙashin dandamali kamar na Crimson Strait da HPG Manifold. Na Inner Sphere ba sa yin illar kirki a kurkusa, wato maganin mai su shi ne a matso masa.

A ɓangaren haɗin kai, maɓalli mafi daraja shi ne R. Da ka danna shi a kan abokin gaba, duk 'yan ɓangarenka za su gan shi a taswira, bayan ɗan lokaci kuma hoton jikinsa zai fito yana nuna inda sulke ya ƙare. Kowane abokin gaba ana ba shi harafi, taswira kuma an yanka ta gida-gida da harafi da lamba. Magana ta murya na cikin wasan, da Caps Lock, akwai kuma da'irar umarni a E ga wanda ba ya son magana. Kira mai amfani gajere ne: harafin mek, gidan da yake, sashen da ya buɗe. Mutum shida su haɗu a kan gefen ƙirji ɗaya, cikin daƙiƙu an gama. Da an samu ratar mek biyu ko uku, sauran zagayen yakan gangara da kansa, domin kowace gawa bindigogi ne suka ragu a can, masu harbinku kuma suka ragu a nan.

Akwai kuskuren da fakewa ke jawowa, kuma shi ya fi cin zagaye. Mek mai tan 100 ya laɓe a baya yana harba LRM, ya gama wasa sulkensa ko ƙwarzane babu, alhali matsakaita sun ƙare a gaba. Sulken nan na kowa ne. Ƙa'idar ita ce karɓa-karɓa: wanda gabansa ya yi ja ya koma layi na biyu, mai sabon sulke ya shige gaba. Idan aka yi kiran a afka, a afka tare, manya a gaba, kuma na gaba kada ya tsaya a bakin lungu. Tsayawarsa na toshe na baya, sai a riƙa cin su ɗaya bayan ɗaya. Haka kuma kada ka manne a bayan wanda ke leƙe, ka bar masa hanyar ja da baya. Harbin ɗan'uwa yana yi masa illa a wasan nan, ana kuma cire maka lada.

Babban aibin zagayen da ake haɗa baƙi da baƙi shi ne abin da 'yan wasan ke kira NASCAR: ɓangarorin biyu su yi ta zagaya tsakiyar taswira, kowane ɓangare na bin wutsiyar ɗayan. Locust mai tan 20 yana iya wuce kilomita 150 a awa, Atlas da Dire Wolf kuwa kusan 50 suke yi. Masu sauri su yi gaba, manyan su rage a baya, ƙananan mek na abokan gaba su zagayo su cinye su ta baya inda sulke ya fi siriri. Wasan bai da wata dabara da ke hana wannan, sai dai wani ya buɗe baki ya ce a tsaya a gida kaza a jira manya. Wani lokaci a ji, wani lokaci a yi kunnen uwar shegu. Shiga da abokai ya fi, kuma ana yarda da rukunin mutum huɗu. Ko mutum biyu ne, ɗaya ya ɗauki mek mai ECM don ɓoye na kusa da shi daga na'urar hange, ɗayan ya riƙe UAV, ƙaramin jirgin leƙen asiri mara matuƙi, ya harba sama idan ana zargin an yi kwanto a bayan tudu.

Sauran ƙorafin ba su da yawa. Wasu duwatsu da gine-gine iyakarsu ta ɓoye ta fi abin da ido ke gani faɗi, sai harbi ya tsaya a iska. Ɗakin haɗa mek yana da rikitarwa ga sabo, kuma horon farko bai koyar da murɗa ƙirji da karɓa-karɓa yadda ya kamata. Mai wasa daga Najeriya ko Nijar ya zaɓi sabar Turai, ita ta fi kusa, jinkirin sadarwa ya fi sauƙi. Wasan ma ba mai gaggawa ba ne, yana jure ɗan jinkiri fiye da yawancin wasannin harbi. Zagaye 25 na farko ana ba da ƙarin kuɗin wasa, C-Bills. Kada a kashe su a kan mai tan 100. A sayi matsakaici ko mai nauyin tan 60 zuwa 75 da makamansa ke sama, a tura mafi yawan sulken ƙirji gaba, a bar kaɗan a baya.