Kwalliyar farce da launin rigar Zakunan Kamaru: wanne ya dace ki saya?

Tun daga Janairun 2022, lokacin da aka buga wasannin cin kofin Afirka a filin Rumde Ajiya da ke nan Garwa, na lura 'yan mata ba su tsaya ga saka riga da ɗaura kallabi kore kawai ba, har farce ma sai sun yi masa ado. Abin yana burge ni ƙwarai. Amma na ga kuɗi da yawa sun salwanta saboda an sayi abin da bai dace da rayuwar mai shi ba. Don haka kafin ki nufi kasuwa, fara tambayar kanki: awa nawa adon nan zai yi a hannuna?

Tambayar nan ita ce tushe, saboda alwala. Jan farce na kwalba, da jel, da farcen roba, duk suna rufe farce su hana ruwa taɓa shi, malamai kuma sun yi bayanin cewa sai an cire su kafin alwala ta inganta. Shi ya sa mata da yawa ba sa shafawa sai a kwanakin da ba sa salla. Wasa kuwa ba ya jiran kwanakin kowa. Akwai wani jan farce da masu sayarwa ke cewa ruwa yana ratsa shi, to ni dai ba na jingina sallata da rubutun jikin kwalba. Ki tambayi malamin da kika amince da shi.

Jan farce na kwalba shi ne mafi sauƙin kuɗi, kuma ana samun sa ko'ina. Kwalba uku na kore da ja da ruwan ɗorawa sun isa, amma ki ƙara biyu: fari, da wanda ba shi da launi da ake fara shafawa a ƙasa. Ja da kore suna rina farce su bar shi ya dafe idan aka shafa su kai tsaye. Ruwan ɗorawa kuma shi ne mai wuyar sha'ani, yana fita da zane-zane kamar an yi shara, sai an shimfiɗa masa fari tukuna yake haskawa. Ki girgiza kwalbar a gaban mai kaya. Zafin Garwa da Marwa a watan Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, kayan da suka daɗe a tebur a rana sai su yi kauri kamar koko ya kwana. Na taɓa sayen irin wannan ba tare da na buɗe ba, da na zo gida ko burushin bai fita da daɗi ba. Aibinsa dai shi ne wanke-wanke da wanki: kwana biyu ko uku ya fara ɓamɓarewa daga baki. Kada ki manta da ruwan goge shi da auduga.

Jel ya fi kowanne ƙyalli, yana kai mako biyu zuwa uku bai motsa ba, kuma a kansa ne mai zane take iya fitar da kan zaki sosai. Sai dai a shagon kwalliya ake yin sa, da fitilar da ke busar da shi, idan an ɗauke wuta kuwa zama ya kama ki. Cire shi ma aiki ne, sai an jiƙa farce a asiton, wato sinadarin goge jan farce, na kusan minti 15, wadda ta ɓamɓare shi da ƙarfi kuma ta tafi da saman farcenta. Ga mai salla biyar a rana, biyan kuɗin mako uku don abin da za a cire bayan 'yan kwanaki asara ce.

Wanda na fi so don ranar wasa shi ne farcen roba. Ana sayar da shi a fakiti, yawanci guda 24 masu girma daban-daban. Ki sayi farare ko marasa launi, ki zauna a nutse ki zana su tun kafin ranar, su bushe a kan faranti. A nan sai ki kula da abin mannewa. Akwai gam na ruwa mai kama farce kwanaki, akwai kuma 'yan ƙananan salatif masu manne ta fuska biyu. Ki ɗauki salatif ɗin. Kina idar da sallar la'asar ki manna, in magariba ta gabato ki tsoma hannu a ruwan ɗumi su fita, ki adana su sai wasa na gaba. Ki zaɓi gajeru. Dogaye suna hana tuƙa tuwo da ɗaura goyo, kuma suna fizgewa idan an ci ƙwallo ana tafi.

Sai lallenmu na gado. Ba ya hana alwala, domin rini ne, ba ya barin wani abu a kan farce. Kore da ruwan ɗorawa dai ba zai ba ki ba, ja kaɗai yake da shi, amma ja ai shi ne tsakiyar tutarmu, inda tauraron yake. Ki yanka salatif siffar tauraro ki manna a tsakiyar kowane farce kafin ki ɗora ƙunshi, in kin wanke sai tauraro ya fito fes a cikin ja. Yatsu biyar, taurari biyar, daidai da kofunan Afirka da muka ci a 1984, 1988, 2000, 2002 da 2017. Ki sani fa ba ya gogewa, sai farce ya tsiro ya ture shi, wanda kan ɗauki wata huɗu zuwa shida. Baƙin da ake haɗawa da dayis kuwa ki yi nesa da shi, sinadarin da ke cikinsa yana sa wasu ƙuraje da kumburi.

Ko wanne kika zaɓa, ki kiyaye jerin launi. Namu kore ne, sannan ja a tsakiya, sannan ruwan ɗorawa, kamar yadda 'yan wasa ke fita da riga kore, wando ja, safa ruwan ɗorawa. Kika saka ruwan ɗorawa a tsakiya, kin koma 'yar Mali, in kika ɗora koren tauraro a kai kuma kin zama ta Senegal. 'Yan'uwanmu na Injamena da Kusiri masu goyon bayan Sao na Chadi, nasu shuɗi ne, ruwan ɗorawa, ja, su nemi shuɗi mai duhu.

Tauraro a ƙaramin farce ba ya buƙatar wani kayan aiki. Tsinken sakace ya wadatar: ɗigo biyar, ki ja kowanne zuwa tsakiya. Babban yatsa kuwa, da yake ya fi faɗi, ni lamba 10 nake rubuta masa, ta Vincent Aboubakar, ɗan garin nan da ya taso a ƙungiyar Coton Sport, wanda ya ci wa Kamaru ƙwallon nasara a kan Masar a wasan ƙarshe na 2017. Fari a kan kore ya fi fitowa, kuma ki bari koren ya bushe sarai kafin ki rubuta, in ba haka ba sifilin zai cakuɗe.