Gargaɗi ga masu shagon gem: babu mai mayar da PS4 ta koma PS5

Jama'a, musamman masu shagon gem a ƙauyukanmu na yankin Ringim da Taura, a yi hattara. Akwai wani mutum da ke bin kasuwannin mako da ƴar jaka da sukuddireba, yana cewa zai “ƙara wa na'ura ƙarfi”. Wai zai sa wa PS4, wato na'urar gem ta PlayStation 4, ƙarin RAM (wurin da take riƙe abin da take aiki da shi a lokacin), ya haɗa mata babbar ma'ajiya mai tera 2 (kimanin giga 2000), daga nan sai ta riƙa ɗaukar wasannin PS5, samfurin da ya biyo bayanta. Ɗan ƙanwata ya ba shi kuɗin da ya tara daga sayar da riɗinsa, kuma har yau na'urarsa ba ta koma daidai ba.

Wallahi wannan ƙarya ce tsagwaronta. PS4 da Sony ta fitar a 2013 tana da RAM giga 8, kuma an liƙe shi da dalma a jikin allon na'urar. Ba irin na kwamfutar tebur ba ne da ake zarewa a sa wani. Sashen da ke zana hoto kuwa yana cikin guntu ɗaya da ƙwaƙwalwar na'urar, ba ya ciruwa balle a musanya shi. PS5 ta 2020 tana da giga 16 da ma'ajiyar SSD mai tsananin sauri, kuma wasan da aka gina don ita kaɗai ba zai taɓa tashi a PS4 ba, ko wane gwani ne ya taɓa ta.

Inda yake cin yaranmu shi ne ba su bambance RAM da ma'ajiya, tunda duka da giga ake auna su. Ma'ajiya rumbu ce, RAM kuwa turmi ne. Komai girman rumbunka, abin da turmi zai ɗauka kaɗai za a daka a lokaci guda. Ƙara ma'ajiya yana ba ka wurin zuba wasanni da yawa, wannan gaskiya ne, don PS4 tana zuwa da giga 500 ko tera 1, kuma tun 2017 tana karɓar ma'ajiyar waje ta USB. Amma hakan ba ya ƙara kyan hoto ko kaɗan.

Ita ma'ajiyar da yake sayarwa ma ta bogi ce. Da muka ɓare kwalinta a shagon ɗan ƙanwar tawa, ƴar ƙaramar memori muka tarar an manna da gam, da wani guntun ƙarfe don ta yi nauyi a hannu. Tana nuna tera 2, amma da zarar an zuba abin da ya fi ainihin cikinta, sai wasannin su lalace. Ya kuma canza hoton fuskar allo ya yi kama da na PS5, yara suka yi ta tafi. Abin da ya fi ƙona min rai, ya cire ma'ajiyar asali ta ciki ya sa wata tsohuwa mai ƙara.

In na'urarka na kuka kamar jirgi tana mutuwa da kanta a zafin bazara, yawanci ƙura ce ta toshe fanka. A kai wa mai gyaran da aka sani ya share ta a gaban idonka, kuma a daina ajiye ta a ƙasa ko cikin akwati.

Mai sayen na'ura ya duba lambar da ke jikinta: ta PS4 tana farawa da CUH, ta PS5 da CFI. Ma'ajiya kuwa, kada ka biya sai an jona ta a kwamfuta an cika ta, an kuma buɗe abin da aka zuba. Manhajar H2testw tana yin wannan gwajin kyauta.

Duk wanda mutumin nan ya zo wa, kada ya bari ya kwance masa ko da noti ɗaya. A sanar da mai unguwa ko sarkin kasuwa nan take, a kuma tura wannan saƙo ga masu shaguna na garuruwan da ke maƙwabtaka da mu.